Agogon Rolex Submariner: ya cancanci kuɗinsa?

In sanin lokaci kawai kake so, bai cancanta ba. Casio F-91W mai batir kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 30 a wata, shi kuwa Submariner yakan iya yin gaba ko baya da daƙiƙa 2 kullum, wato kusan minti guda a wata.

Aikin injinsa ake saya, kuma aiki ne na gani na faɗa. Samfurin 2020 mai faɗin milimita 41 ba ya amfani da batir. Motsin hannunka ne ke ɗaure masa sifirin, in ka ajiye shi ya yi awa 70 yana tafiya. Yana jure ruwa har zurfin mita 300, amma fa sai ka murɗa maɓallin gefensa ya kulle tam. Ka bar shi a sake, damshi ya shiga, ka ga hazo ƙarƙashin gilashi, tsatsa ta biyo baya.

Duk bayan kimanin shekara 10 yana buƙatar sabis, don man ciki yana bushewa, robobin da ke tare ruwa su taurare.

Masu saye don riba su yi hattara: farashin waɗanda aka riga aka yi amfani da su ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sannan ya sauko. Jabu kuma sun cika kasuwa, don haka a duba lambar agogon ta dace da katin garantinsa na shekara 5.