GARGAƊI: Mai "fentin obin" ya karɓi ₦215,000, ya lalata min mota

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya ga tallar nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai fentin obin (wanda ake fesawa a gasa a ɗaki na musamman), kaya orijina, rangwamen Sallah, a nan Kano, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya miƙa makullin motarsa. Ni na miƙa nawa. Naira dubu ɗari biyu da goma sha biyar na biya, ₦215,000, yau ga motata a ƙofar gida na rufe ta da tamfol saboda ba na iya haɗa ido da maƙwabta.

Pijo 406 ce haɗin Kaduna, ruwan azurfa. Tsohuwa ce, na sani, amma injinta lafiya lau, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Rana ce kawai ta cinye rufin da bonet, sai ɗan tsatsa a gefen tayoyin baya da ƙasan ƙofofi. Wannan ne kaɗai ciwonta.

Kuma kada wani ya zo yana ce min araha ba ta ado. Na ji wannan maganar a gida, na ji ta a wurin aiki, ta ishe ni. Ni ban aika kuɗi daga kan gado ba. Na tashi na je da ƙafata. Na tambayi farashi a wasu wurare, aka ce min ₦450,000, shi ya ce ₦180,000. Na tambaye shi ido da ido, na ce Malam, me ya sa naka ya sauka haka? Ya ce Alhaji, kwali-kwali nake sayen kaya, kuma obin ɗin nawa ne, ba haya nake biya ba, su kuma sai sun ɗora maka kuɗin haya. Wace magana ce a nan ba ta shiga hankali ba? Ku faɗa min. Sannan ya ja hannuna ya shigar da ni ɗakin gasa fentin. Na shiga da kaina. Na ga fitilu jere a bango, na ga inda iska ke shiga da inda take fita, ƙasa tsaf babu ƙura. Ya bubbuga bangon da hannu ya ce, "Alhaji, nan motarka za ta kwana." Haka ya faɗa, nan motarka za ta kwana. Ya ɗauko gwangwanin fenti da na hadna, wato ruwan da ake haɗawa da fenti don ya ƙame, ya ɗora min a hannu. Aka kira Azahar, muka yi alwala a buta ɗaya, muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da muka fito ya ce amana ce, in bai riƙe ba Allah zai tambaye shi. A wannan lokacin na tura ₦120,000.

Har yanzu da dare sai in riƙa ganin hannun nan yana bubbuga bango. Ashe ɗakin ba nasa ba ne. Na maƙwabcinsa ne, mai ba da haya. Mai ɗakin da bakinsa ya gaya min cewa motata ba ta taɓa shiga ciki ba, ko tayarta ɗaya. Ya ce mutumin yakan roƙi yaransa su buɗe masa in ba ya nan, ya shigar da baƙo, ya ɗauki bidiyo, ya fita. Kuma ba ni ne na fara zuwa da wannan kuka ba, akwai wani mai tasi da ya riga ni.

Amma wannan daga baya ne na sani. Kafin nan akwai maganar ₦35,000. Ya kira ni, motar tana hannunsa, ya ce Yallaɓai, ruwan azurfa sai da kiliya, wato fenti marar launi mai sa ƙyalli, a sama, kuma kiliyar da ta dace da motarka ta tashi a kasuwa, ka ƙaro ₦35,000 in sa maka mai kyau. Gaskiya ne fenti mai ƙyalli irin na azurfa ana fesa launi ne a ƙasa, a bi shi da kiliya a sama, wannan kowa ya sani, shi ya sa ban yi gardama ba. Na tura. Ga ₦120,000, ga ₦35,000, ga cikon ₦60,000 ranar karɓa. Ku haɗa. ₦215,000. Albashina ne da kuɗin adashen da na ɗauka.

Af, ban faɗi wannan ba. Lambar asusun da ya ba ni ba sunansa ba ne a kai. Na lura, kuma na yi magana a take. Ya ce na mai POS ne da ke bakin gareji, asusunsa yana da matsala. Rabin masu sana'a a garin nan haka suke karɓar kuɗi, to don me zan ce ƙarya yake? Rasit ɗin duka uku suna wayata, zan saka hotunansu a ƙasa, da hirarmu ta WhatsApp, da muryarsa inda yake rantsuwa cewa 2K ne, wato fentin da ake haɗawa da hadna. Ina rufe sunan mai POS ɗin ne tukuna, don ban tabbatar yana da hannu ba.

Ranar karɓa ya yi ta ja min rai, yanzu ana goge ta, yanzu yaro ya tafi da makulli, har aka yi Magariba. A ƙarƙashin ƙwan lantarki ya nuna min ita, tana ƙyalli. Na haska fitilar waya, na zagaya ta, na shafa da hannu. Sumul. Ya ce kada ruwa ya taɓa ta sai bayan sati biyu, fenti ya zauna. Na bi maganarsa. Yanzu na gane sati biyun nan na guduwa ne.

Wankin farko ƙyallin ya tafi, ashe man goge mota ne aka lafta mata. Da rana ta fito sosai sai ga ƙura a cikin fentin, a ciki, ba a sama ba, ƙwayoyi-ƙwayoyi a bonet da rufi, alamar a fili aka fesa ta iska na kaɗawa. Ƙofar gaba launinta daban da ta baya. Fenti a kan robar gilashi, fenti a gefen fitila, fenti har a kan taya. A gidan mai ɗan fetur ya zuba a bakin tanki, wurin ya yi laushi ya bi tsumma. Da aka yi ruwan sama kuwa, gefen tayoyin baya ya kumbura ya fashe, yana ɗayewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ga jan tsatsa a ƙasa yadda na kai ta.

Na kai ta wurin wani dattijo mai fenti a wajen Ƙofar Ruwa. Bai yi dogon surutu ba. Ya jiƙa tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, ya goga a ƙasan ƙofa, tsumman ya dawo da ruwan azurfa. Ya ce ɗana, fentin da aka haɗa da hadna in ya ƙame ya ƙame, goga ɗaya da tina ba ta ɗaga shi. Wannan salulos ne, mai bushewa da iska, shi ya sa tina ke narkar da shi, kuma babu ɗigon kiliya a kai. Babu kiliya! To ₦35,000 ɗina fa? Ya ɗauko maganaɗisu ya ɗora a gefen tayar baya, ya faɗi ƙasa, saboda kaurin fila, wato ƙullun cike ramukan jikin mota, da aka cusa. Ya kankare da wuƙa ya nuna min: ba a goge tsatsar ba, ba a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an yi walda ba, ba a sa firaima, wato fentin farko mai kare ƙarfe, ba. Fila kawai a kan tsatsa, fenti a kan fila. Ya ce tsatsa in an rufe ta ba mutuwa take ba, ci take ta ƙasa, danshi ya shiga ta kumburo. Ya ce obin na gaske zafinsa yakan kai digiri 60, iskarsa a tace take, ba yadda za a yi mota ta fito daga ciki da ƙura a jiki. Yanzu sai an kankare komai har ƙarfe kafin a fara aiki, kuma kuɗin ya haura ₦450,000 ɗin da aka fara gaya min. Wato ₦215,000 na biya aka ƙara min aiki.

Na koma garejin. A'a, kafin in koma na kira shi, ya ɗauka, ya ce Alhaji ai ka wanke ta da omo, laifinka ne. Ni da na jira yadda ya ce! Daga nan ya daina ɗauka, sannan ya toshe ni a WhatsApp. Da na je, runfar tana nan, kwamfiresa babu, shi babu. Yaran wurin suka ce ya yi tafiya. Amma tallar tana nan tana yawo da sabuwar lamba, bidiyon ɗakin nan dai, muryar nan dai. Na kai ƙara wurin shugabannin masu gareji na yankin, kuma zan kai gaba, ban yafe ba.

Mutumin da muka yi sallah sahu ɗaya. Ya kalle ni ya ce amana. Abin da ke ƙona min rai ke nan fiye da kuɗin, ko da yake kuɗin ma ₦215,000 ne, ba tsintarsu na yi ba.

Ku da ke da tsofaffin motoci: kada ku biya fiye da kuɗin kaya a farko, ku je ku ga motar bayan an goge ta kafin a fesa, ku tambayi mai obin da kansa, kuma kada ku karɓi mota da dare. Wanda ya ga tallar ko shi ma aka yi masa, ya yi min magana ta akwatin saƙo, muna haɗa shaidu. Hotuna da muryoyin suna tafe yau in sha Allah.