Tukunyar firesha mai aiki da wuta, ga mai niyyar saye a Kebbi

Masu tambayata kan tukunyar nan ta firesha mai aiki da lantarki sun yi yawa, balle tun da gas ya zama abin da ya zama, to bari in faɗi abin da na gani sau ɗaya kowa ya huta. Tawa mai lita 6 ce, wat 1000 anka rubuta a bayanta, nan babbar kasuwar Birnin Kebbi na saye ta, kuɗinta lokacin ya kusa kamo na buhun shinkafa. Sunan kamfani ba zan kama ba, don galibin waɗanda ke kasuwarmu daga Chaina suke zuwa, ƙira ɗaya, suna da fenti kawai ake canjawa. Maganar a dunƙule ita ce, in gidanku ana cin wake da ganda da kazar hausa da kayan ciki, kuma unguwarku ana ganin wuta mai ƙarfi ko da ta awa biyu zuwa uku ce a rana, ki saya ba za ki yi da-na-sani ba. In kuwa don shinkafa da taliya kike so, riƙe kuɗinki.

Yadda take aiki ba wani asiri ba ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya in ya kai digiri 100 ya tafasa shi ke nan, ko itacen duniya kika tura zafinsa ba ya wuce nan, tururi ne kawai zai yi ta tsiyayewa sama. Ita wannan murfinta na da roba a zagaye ta ciki, in kin murɗa ya kulle tururin ba ya samun hanya, sai ya matse a ciki, zafin ruwan ya haura wajen digiri 115 ko ɗan fiye. Wannan ɗan ƙarin shi ne ke narkar da jijiya da fata a kashi ɗaya cikin uku na lokacin da kika saba.

Wake shi ne inda ta fanshi kuɗinta a wurina. Kowa ya san farin waken nan namu in ya kwana biyu a rumbu ko a shago, a kan gas sai ki yi awa ɗaya da rabi kina ƙara ruwa kina leƙe, ƙarshe ki jefa kanwa don ki huta, waken ya yi ja ya sake ɗanɗano. A cikinta ko jiƙawa ba na yi, wankewa kawai, in zuba ruwa ya sha kansa da kamar gaɓar yatsa biyu, in yanka albasar Aliero in sa, minti 25 ya yi luguf ba kanwa ba komai. In na garau-garau ne da za a haɗa da shinkafa sai in ba shi minti 12 zuwa 15 tukuna, in buɗe in zuba shinkafar in ƙara masu minti 6, don in kin zuba su tare tun farko shinkafar ta zama tuwo kafin waken ya ji wuta. Faten wake da doya ma haka, wake farko, doya daga baya. Ƙwaruru busasshe da a da sai na tanadi gawayi na rabin yini kafin in yi sha'awarsa, yanzu minti 45 zuwa 50 ne. Abu ɗaya dai, wake na kumfa kuma yana kumbura, kar ki taɓa wuce rabin tukunyar da shi da ruwansa, akwai layi a ciki anka zana, ki bi shi. Sauran abinci kashi biyu cikin uku ne iyaka.

Sai nama. Naman kasuwa na yau da kullum minti 15 zuwa 20, kazar hausa wadda ta sha yawo 25, ganda wajen 30 in mai kauri ce, ƙafar sa kuma ki ba ta awa ɗaya cur ki tafi harkarki. Lokacin layya ne na san na yi sayayya, kan rago da ƙafafu da anka babbake, waɗanda a da sai a hura murhu a tsakar gida tun hantsi ana iza itace har la'asar, na saka kafin azahar, ana dawowa masallaci munka ci farfesu. Ashe ma don wannan aikin anka ƙirƙiro ta tun asali, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara haɗa irinta a 1679 don ya tausasa ƙashi, mai lantarkin ce ta zo baya-bayan nan, Instant Pot ta Kanada da ta fito wajen 2010 ita ta sa duniya ta ɗauka. Surukata dai ba ta yarda da ita ba har yau, ta ce mani "ɗiyata, naman da bai sha hayaƙi ba ai ba nama ba ne", na ce "Inna ki ɗanɗana dai", ta ci ta ƙara amma ta ce romon bai yi kauri ba. Kuma gaskiyarta ce. Da yake ruwa ba ya ƙonewa a ciki, abin da kika zuba shi za ki tarar har da ƙarin wanda naman ya fitar, saboda haka ruwa kaɗan ake sawa, kofi ɗaya da rabi ya isa kilo guda na nama, in kin buɗe kuma ki danna wurin suya ki bar shi a buɗe ya ɗan tafasa romon ya kama jikinsa.

Abin da masu talla ba sa faɗa maki shi ne mintin da kike dannawa ba shi ne lokacin girkin ba. Agogonta ba ya fara ƙirga sai tururi ya cika ya matse, wannan kuwa minti 10 ne zuwa 15, in tukunyar ta cika da ruwan sanyi har 20. In ta gama kuma ba nan take murfi ke buɗuwa ba, ko dai ki jira ta huce da kanta wani minti 10 zuwa 15 ɗin, ko ki juya ɗan kan da ke saman murfin ki saki tururin. Ke nan wake mai minti 25 a gaskiya kusan minti 50 ne daga zubawa zuwa kwashewa. Duk da haka ya fi, ga shi ba tsayuwa a kai, ba gudun ƙonewa, ta gama ta kashe kanta ta koma ɗumama. Amma shinkafa fara da take minti 20 a gas, a nan ma in kin haɗa lissafi 20 ɗin ce ko fiye, ba ki ci ribar komai ba. Tana dai yin warara in kin sa ruwa daidai da shinkafar ko ki ɗara kaɗan, 'yar gida ta Kebbi ta fi son ruwa fiye da 'yar waje, wannan sai kin gwada da irin wadda kuke ci. Dabara ɗaya mai rage jira, ki zuba ruwan zafi daga filas maimakon na randa.

To maganar wuta, wadda ita ce uwar tambayoyin. Wat 1000 ɗin nan ba ta jan shi tun daga farko har ƙarshe. Farkon nan da take tara tururi ne take sha da ƙarfi, da zarar ta kulle sai ta riƙa ɗauka tana saki, ɗan lokaci kaɗan ta kunna ta sake kashewa, tunda jikinta a rufe yake zafin ba ya gudu. Mu da ke da mita mai kati na sha dubawa kafin da bayan girki, tukunyar wake ba ta wuce rabin yunit. Ko 'yan Band A, rukunin da anka fi ba wuta, da anka kai masu yunit naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, rabin yunit a wancan farashin ɗari da 'yan kai ne, ki je ki sayo gawayin ɗari ki ga ko zai dafa maki mudun wake. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai na girki ya tashi, kalanzir ma an manta da shi, itace kuma kullum ƙara nisa yake, to silinda ta da a da ba ta kai wata, yanzu tana zarcewa sosai don abin da ke cinye gas ɗin na ɗauke mata.

Abin da ya fi burge ni kuma, in an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ba a yi asara ba, in dai ta riga ta kulle. Kar ki taɓa ta, kar ki saki tururin, ki bar ta haka nan, zafin da ke ciki zai ci gaba da dafawa, sau da yawa in na dawo bayan rabin awa na tarar waken ya nuna. In tun ba ta kulle ba anka ɗauke, to nan kam sai ki juye a tukunya ki koma gas. Shi ya sa duk wadda ta ce maki ki sayar da silinda don kin sayi firesha ba masoyiyarki ba ce. Mu da wutarmu ke zuwa ta layin Kainji, iskar farkon damina in ta yi ɓarna a hanya ana iya kwanaki ba a ga ƙyalli ba.

Matsalar da ta fi ɗaukewa ciwo ita ce wuta marar ƙarfi. Tukunyar don bolt 220 zuwa 240 anka yi ta, in wutar ta faɗo wajen 160 zafin da take bayarwa rabi ne kawai, za ki ga fitilarta a kunne, ki yi zaton aiki take, minti 40 ba ta kulle ba. Da dare lokacin zafi da kowa ya kunna fanka da firji haka muke fama a unguwarmu, sai na koma yin girkin wake da nama da safe ko duk sa'ar da na ga fanka na gudu da kyau, in ajiye. Ƙaramin injin nan na masu shago da bai kai wat 1000 ba kar ma ki gwada, zai shaƙe ya mutu. Mai sola kuma sai in babbar inbata ce, kuma da rana tsaka lokacin da faranti ke shan rana, ba da dare a kan batir ba. A soket na bango za ki sa ta kai tsaye, wayoyin nan na jona-jona masu arha ɗumi suke yi har su narke.

Akwai abin da ba nata ba ne. Ɗanyen kifin Argungu ko na Yauri in kin rufe shi a ciki sai dai ki tsamo ƙaya, ya watse, busasshe ne ke jurewa. Miyar kuka da kuɓewa ki dafa nama da daddawa a rufe, ki buɗe sannan ki kaɗa, kar ki rufe abu mai yauƙi ko mai kauri don yana toshe hancin tururi. Tuwon masara ko na dawa ba ta da hurumi, talge da tuƙi aikin hannu ne. Tuwon shinkafa dai ta iya rabin aikin, minti 15 da ruwa da yawa shinkafar ta yi lugub, amma ki juye a wata tukunya ki tuƙa, don ta cikin tawa mai baƙin shafen nan ce da ba ya kama abinci, muciya da cokalin ƙarfe kankare shi suke. Dafa-duka na yi, sai dai in tumatir ya kwanta a ƙasa yana kamawa kafin tururi ya taru, ki soya ki zuba ruwa ki kankare gindin tas sannan ki sa shinkafa. Alala a gwangwani ko a leda kan ɗan ƙarfen da ke zuwa da ita minti 15 zuwa 20, tana yin kyau ƙwarai. Suyar mai da yawa irin ta ƙosai kuwa haramun ce da murfi a rufe.

Masu tsoron fashewa, na gane, yawancinmu labarin irin ta kan risho ta da muke ji. Mai lantarkin tana da ɗan tsinken ƙarfe a murfi da ke tasowa in tururi ya cika, muddin yana sama murfin ba ya murɗuwa, kuma ita ke rage wa kanta wuta. Haɗarin da na gani a zahiri tururin ne lokacin saki, fitowa yake da ƙara kamar tayar mota ta sace, yana iya saluɓe fata. Ki juya kan da dogon ludayi, fuska a gefe, yara a waje, kuma ba a ƙarƙashin kabad na katako ba. Wake da duk abin da ke kumfa ki bari ya huce da kansa, in kin saki da wuri ruwan ne zai yi feshi har silin. In tsinken bai sauka ba kar ki yi kokawa da murfi.

Abin da ya ɓata mani rai da ita robar murfin ce. Tana riƙe wari, in kin yi farfesun kayan ciki yau gobe kika dafa farar shinkafa sai kin ji ƙanshin daddawa da yaji, dole a cire ta a wanke daban a shanya a inuwa. Kuma tana saki in ta tsufa, alamar ita ce ki ga tururi na fita ta gefen murfi, tukunyar ta ƙi kullewa. Na koma shagon da na saya neman wata, mai shagon ya ce "Hajiya ai ba a kawo mana ita daban, sai dai ki ɗauki sabuwar tukunya", abin da bai faɗa ba ranar da yake karɓar kuɗina. Sai da na auna faɗinta na ba ɗan'uwana da ke zuwa Kano ya nemo mani. Don haka kafin ki biya ki tambayi roba ta biyu, ki sa a jona tukunyar a gabanki da ruwa a ciki ki ga ta kulle, in kin samu mai tukunyar ciki ta farin ƙarfe marar shafe ki ɗauke ta ko da ta ɗara kuɗi. Mai maɓallin murɗawa ta fi mai allon dannawa sauƙin sha'ani a irin wutarmu, in wuta ta dawo ci gaba kawai take yi, kuma mai gyaran rediyo ma zai iya duba ta.

Lita 6 ta ishi gida mai mutum biyar zuwa shida. Gidan da ya fi haka yawan mutane su nemi mai lita 8 ko 10, su kuma duba wat ɗinta, don tana ƙara girma tana ƙara jan wuta.