2.4 ko 5: Wanne Wi-Fi za ka hau?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce rautarsa, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, tana nuna suna biyu, ɗaya da "5G" a ƙarshe, kuma bidiyo yana yi masa tsaye-tsaye a ɗakin baya. Wanne zai hau?

Malam, wannan 5G ɗin ba irin na kamfanonin waya ba ne. Zangon 5 GHz ne, wato mitar rediyon da Wi-Fi ɗin ke tafiya a kai, ɗayan kuma 2.4 GHz.

Na 2.4 ya fi kaiwa nesa, ya fi ratsa katanga. Matsalarsa cunkoso. Tashoshi uku kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga Bluetooth da injin ɗumama abinci duk a nan suke aiki. In a gidan haya kake, rautocin maƙwabta duk kan waɗannan ukun suke kokawa, sai ka ga sigina cike amma abu ya ƙi buɗewa. Na 5 kuwa tashoshinsa da yawa, ya fi sauri sosai, sai dai katangar bulo biyu ta isa ta sa ya yi laushi, balle bene mai rodi.

Sandunan siginar da ke saman waya ba ma'auni ba ne. Sauke manhajar WiFi Analyzer, ka tsaya daidai inda kake kallon bidiyon, ka duba lambar dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, ta kowane suna. Kusa da -50 lafiya lau, -67 kiran bidiyo zai tafi daidai, -80 kuwa wahala ce kawai. Sannan ka gwada Speedtest, manhajar auna saurin intanet, sau biyu, a gefen rauta da kuma ɗakin baya. In a gefenta ka samu 40 Mbps, a baya 5, laifin Wi-Fi ne. In duka biyun 5 Mbps ne, to kamfanin datarka za ka tuhuma, canza zango ba zai yi maka komai ba.

Ni dai a falo 5 zan hau ba tare da shawara ba. A ɗakin baya, in lambar dBm ta zangon 5 ta kai -70 ko ta fi haka muni, koma 2.4, ka shiga saitin rauta ka sa faɗin tasha 20 MHz, ka zaɓi wadda ta fi ƙarancin jama'a cikin ukun nan. Kafin duk wannan ma, ciro rautar daga bayan talabijin ka ɗora ta sama a tsakiyar gida, ka sake aunawa.