Yardie: kiɗan ya fi labarin ƙarfi

Daren Asabar na zauna na kalli Yardie, fim ɗin 2018 wanda shi ne dogon fim na farko da Idris Elba ya ba da umarni. An ciro labarin daga littafin Victor Headley na 1992. Ko minti goma ban yi ba na kunna rubutun ƙasan allo, domin Turancin Jamaika, wanda suke kira Patwa, in kunnenka bai saba ba sai ka rantse wani yare ne daban.

A Kingston, babban birnin Jamaika, aka faro, a 1973. 'Yan daba gida biyu, Tappa da Spicer, sun hana unguwa sakat. Sai Jerry Dread, yayan wani yaro da ake kira D, ya kwaso lasifikokinsa ya girke su a filin da ya raba ɓangarorin biyu, wai a yi rawa a huce. Mutane suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ke tsoro ya saki jiki, fili ya cika. Ana tsakiyar haka aka harbi Jerry a kan idon ƙanensa. Sau biyu na maimaita wannan wurin. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da ake rufe ƙofa tun magariba saboda faɗan daba zai gane abin da Jerry ke nema.

Akwai kuma taron dare na tara da rasuwa, wanda Jamaikawa ke yi don sallamar ruhin mamaci. Ya ɗan tuna mini sadakar bakwai, sai dai nasu da waƙe-waƙe ake yi. D ya hargitsa taron, shi ya sa fatalwar yayansa ta yi ta bin sa har ya girma.

Bayan shekara 10, ubangidansa King Fox, mai harkar faya-fayan waƙa da wata harkar a bayan fage, ya tura shi Landan da hodar ibilis ya kai wa wani Rico a Hackney, unguwar da aka haifi Elba kansa. Daga nan fim ya fara kama nan ya saki can: ga kayan da D ya ƙi miƙawa, ga Turkawa masu saye, ga farautar wanda ya kashe Jerry. An tara tukwane da yawa a murhu, babu wadda ta nuna sosai. Aml Ameen ya yi ƙoƙari a matsayin D, amma Shantol Jackson ce ta fi burge ni. Ita ce Yvonne, uwar 'yar D, wadda ta baro Kingston don gudun bindiga, sai ga bindigar ta biyo ta har ɗaki. Shi kuwa Stephen Graham da ya fito a Rico, yadda yake juya harshe tsakanin Patwa da Turancin Landan ya ba ni dariya fiye da tsoro.

Inda fim ɗin ke farfaɗowa shi ne gasar kiɗa: ɗaki ya cika da hayaƙi, akwatunan lasifika an ɗora wani kan wani, kowane ɓangare na neman ƙure ɗan'uwansa da faifai da baki. Elba makaɗin faifai ne tun yana saurayi, kuma hannunsa ya nuna a nan.

Kuskuren da na yi shi ne farawa da lasifikar waya, duk amon gangar ya ɓace. Sai da na sa abin kunne na koma Kingston daga farko.