Ruwan famfo mai zartsi: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kanti

Leƙa cikin butar lantarkinka. Idan ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta kamar ƙanzo, ka sa farce ya ɓantalo, to irinsa na nan yana taruwa a cikin hitar banɗaki da injin wanki, inda ido ba ya kaiwa. Sauran alamomin ma ka san su: sabulu ba ya kumfa sai an sha wuya, ramukan shawa suna toshewa ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya riƙa fita a karkace, tawul kuma ya bushe ya yi ƙarfi kamar buhu.

Ƙananan garuruwa da yawa daga ƙarƙashin ƙasa suke jawo ruwansu. Idan ruwan ya ratsa ta dutsen farar ƙasa, sai ya narko da sinadaran kalsiyam da magneziyam ya taho da su, su ne zartsin da muke magana a kai. Muddin yana da sanyi, suna nan a narke ba ka ganinsu. Da zarar ya ji wuta, musamman ya haura digiri 60, sai kalsiyam ya fara daskarewa a jikin ƙarfen da ke ba da zafi. Ɓawon yana hana zafi ratsawa, ƙarfen ya yi ta cin wuta yana ƙara zafi har wata rana ya ƙone. Gurnanin nan da tsohuwar hita ke yi idan an kunna ta, ruwa ne ke tafasa a ƙarƙashin ɓawon da ya kwanta a gindinta.

Kafin ka fitar da ko sisi, auna ruwan. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta canza launi, akwai kuma na ɗigo, wanda ya fi ta daidaito. Ma'aunin da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke amfani da shi ya ce daga miligiram 0 zuwa 60 na zartsi a kowace lita ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai zartsi, abin da ya wuce 180 kuwa ya yi tsanani. Wani mai talla zai tsoma maka 'yar na'ura mai kama da biro, lamba ta fito, ya ce ka gani? Wannan jimillar duk abin da ya narke a ruwan take nunawa, har da gishiri, don haka ba ta isa hujjar sayar maka da komai ba.

Idan sakamakon bai kai 120 ba, ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka. Ruwan khal ko garin sinadarin sitirik ya ishe ka. Haɗa shi da ruwa ka tafasa a buta ka bar shi ya ɗan jima, ka jiƙa kan shawa a ciki ya kwana, ka sauke zafin hita zuwa 60 (kada ka yi ƙasa da haka sosai, don ƙwayoyin cuta na son ruwa mai ɗumi-ɗumi). Dutsen guga mai tururi kuma ka riƙa zuba masa ruwan da aka cire wa zartsi. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka haɗa khal da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Idan ya wuce 180 kuma kana da hita da injin wanki, nan ne zancen injin tausasa ruwa mai amfani da gishiri ke shigowa. A cikin duk abin da ake sawa a bakin bututun gida, shi ne ke cire zartsin da gaske. Cikinsa cike yake da ƙananan ƙwayoyin rezin, kamar tsakuwar ado, suna kama kalsiyam da magneziyam su saki sodiyam a madadinsu. Idan sun ƙoshi, injin ya wanke su da ruwan gishiri ya zubar ta magudana. Bambancin a ranar farko za ka ji shi, domin sabulun da ka saba zubawa zai yi maka yawa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Za ka riƙa sayen gishirinsa har iya rayuwar injin. Yana buƙatar magudana a kusa da shi, da ruwa mai ƙarfin gudu, yawancinsu kuma da wutar lantarki. Idan famfonku na ɗaukewa, ko daga tanki mara tsayi ruwan ke gangarowa, to sai an haɗa masa injin tura ruwa, in ba haka ba wankin rezin ɗin ba zai yiwu yadda ya kamata ba. Ga kuma batun sodiyam: duk miligiram 100 na zartsi da aka cire, kimanin miligiram 46 na sodiyam ke maye gurbinsa. Ruwa mai 300 zai fito da ƙarin wajen 138 a kowace lita. Ga mai lafiya wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, amma bai dace da haɗa madarar jariri ba, haka ma wanda likita ya hana gishiri. Shi ya sa gogaggen mai gyaran famfo zai bar maka famfon kicin da na ban ruwan shuke-shuke a kan ruwan asali. Wajen zaɓe, ɗauki wanda ke wanke kansa bisa lissafin litar da ta wuce ta cikinsa. Mai agogo ko kun yi tafiyar wata guda zai ci gaba da zubar da gishiri da ruwa a kan lokacinsa.

Akwai masu araha a tsakiya. Ƙaramar kwalba mai ƙwayoyin sinadarin folifosfet da ake ɗaurawa a bututun injin wanki ko na hita tana hana kalsiyam mannewa, kuma ga ɗan haya da ba zai iya fasa bango ba, tana da amfani. Ƙarfinta na raguwa a ruwa mai zafi sosai, sai an riƙa sabunta ƙwayoyin, kuma ban so a sa ta a layin ruwan sha. Akwai kuma na'urorin da ba sa cin gishiri, masu mayar da kalsiyam ƙananan ƙwayoyin da ke bin ruwa su wuce. Suna rage ɓawo, amma zartsin na nan, sabulu ba zai ƙara kumfa ba.

Na maganaɗisu da na wayar da ake naɗawa a jikin bututu kuwa, gwaje-gwajen da aka yi musu ba su tsaya a magana ɗaya ba. Ba zan dogara da su in kare hita mai tsada ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen matata a zaci an gama. Matatar laka yashi da tsatsa take tarewa, ta gawayi kuma warin kulorin da ɗanɗano take gyarawa, narkakken kalsiyam ratsa su yake ya wuce abinsa. Wadda ke cire shi ita ce matatar RO (mai matsa ruwa ya ratsa wata siririyar fatar tacewa) da ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, amma famfo ɗaya take ciyarwa, a hankali take tacewa, tana kuma zubar da ruwa fiye da wanda take bayarwa a yawancin tsofaffin samfura. Ta dace da ruwan sha da buta, ba ta san da zaman injin wanki ba. Shi kansa zartsin, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta gindaya masa iyaka saboda lafiya ba, don haka kada a tsorata ka da cuta a sa ka saye.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin ka biya kuɗin injin gishiri: idan ruwanku na barin jan tabo a baho ko a jikin farin kaya, akwai sinadarin ƙarfe a ciki. Yana lulluɓe rezin ya kashe shi tun bai tsufa ba, don haka sai an auna shi daban, a sa matatarsa a gaba, sannan injin ya biyo baya.