Shagon da ya mayar mini da littafin dokar kamfanoni abin saurare

Ni ɗalibin shari'a ne a nan Jos, kuma ba na gani tun ina yaro. A makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, na koyi rubutun Braille, amma yanzu yawancin karatuna da kunne nake yi: kwamfuta ce ke karanta mini da manhajar NVDA, wadda kyauta ake sauke ta.

Mu makafin ɗalibai gadon littattafai muke yi. Wanda ya gama sai ya bar wa na baya abin da ya tara a filas. Haka na gaji littafin dokar kamfanoni daga wani yayanmu da ya daɗe da kammalawa, na yi ta murna. Murnar ba ta kai mako 3 ba. Ana cikin lacca malam ya ce a buɗe wani shafi, ya tambayi mutum nawa ake buƙata kafin a kafa kamfani. Na ɗaga hannu na ce aƙalla biyu, don haka littafina ya faɗa. Ashe nawa tsohon bugu ne, an wallafa shi kafin dokar kamfanoni ta 2020. A sabuwar dokar, sashe na 18 ya yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani mai zaman kansa. Mafi ƙarancin jarin hannun jari ma ya tashi daga naira 10,000 zuwa 100,000, lambobin sassa kuma sun gusa. A wani fannin ana iya lallaɓawa da tsohon bugu. A shari'a kuwa, kana haddace dokar da aka riga aka soke ne.

Sai na sayi sabon bugun da kuɗina, wani abokin karatuna ya raka ni wani shagon kwamfuta a kan Titin Bauchi, inda aka ce suna yin sikanin su mayar da hoton ya zama rubutun Word.

Da farko mai shagon ya ɗan noƙe. Ya ce, "Malam, littafi sukutum? Kada mu taka doka fa." Na ji daɗin tambayar, don alama ce ta mai kula. Na yi masa bayanin yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Makahon da ya mallaki littafi ta halal yana da damar a mayar masa da shi yadda zai iya karantawa, don amfanin kansa. Ya ce to, bismilla.

Mun yi ciniki a kan naira 50 kowane shafi, littafin kuwa ya haura shafi 700. Ya nemi izinin yanke gindin littafin don takardun su riƙa shiga injin ɗaya bayan ɗaya, in an gama ya sake ɗinke mini. Na yarda, kuma ban yi nadama ba, domin littafi mai kauri in aka kifa shi a kan gilashi, rubutun da ke kusa da ɗinki lanƙwashewa yake yi, kwamfuta ta kasa gane shi. Ya ce kwana 5, ya cika a kwana 9. Rashin wuta ne, na kuma yi masa uzuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar shafi. Na roƙe shi ya bar lambar kowane shafi a layinta daban, daidai da na takarda, ya kuma yi hakan daga farko har ƙarshe. Mai ido ba zai gane girman wannan ba. Yanzu in malam ya ce shafi kaza, kafin na kusa da ni ya gama laluben takarda na riga na isa wurin. Rukunin karatunmu na dare ma ya daina jira na. Kanun babi ma ya sa musu alama yadda ya kamata, ina danna harafi ɗaya na tsallaka daga wannan babi zuwa wancan.

Inda aikin ya gaza kuwa, a bayanan ƙasan shafi ne, kuma a littafin shari'a nan ne sunayen ƙararraki suke. Wasu sun cakuɗe da ainihin rubutun, kana tsakiyar jimla sai ka ji an jefo maka sunan ƙara da shekararta. Mafi haɗari shi ne lambobi. Harafin S da ake taƙaita sashe da shi ya koma 5 a wurare da yawa, ƙaramin l ya koma 1. Kalma in ta lalace kunne yana kamawa nan take, amma lamba in ta canza, daidai take shiga kunne, ba abin da zai sa ka yi shakka. Jadawalin kwatanta nau'o'in kamfani ma ya wargaje, sai da aka sake buga shi da hannu.

Na koma na nuna masa. Bai yi musu ba, ya ce shi da ido yake dubawa, bai taɓa jin yadda rubutun ke fita a murya ba. Na sa masa abin sauraro a kunne na kunna shafi guda. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, a bar mini shi kwana 3." Ya gyara bayanan ƙasan shafi na babi 6 da muke kai ba tare da ƙarin ko sisi ba. Sauran ni da ƙanwata muke bi duk Asabar, tana riƙe da takarda ina saurare, inda muka saɓa mu tsaya.

Ga ɗan'uwa makaho da zai kai nasa: ka fara tambayar malaminka bugu na nawa yake koyarwa da shi da shekarar wallafa, ka sa a karanta maka shafin farko na littafin kafin ka biya. Ka ce a yi maka shafi 10 na gwaji, har da mai jadawali, ka saurara tukuna. Kuma ka kai tun lokacin hutu, don ni makonni 4 na zangon nan suka wuce ni ina jira.

Na riga na kai masa littafin dokar shaida na zango mai zuwa. Wannan karon shi ya fara tambaya ta ko na tabbatar bugun bayan gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ne.