Sharhi: "The Mighty Thor: Thunder in Her Veins" na Marvel

Kundin ya tattara fitowa ta 1 zuwa 5 ta mujallar labari cikin zane mai suna "The Mighty Thor", rubutun Jason Aaron, zanen Russell Dauterman. Likita Jane Foster ce Thor (gwarzon tsawa na labaran Marvel) a nan, tana fama da sankarar mama. Duk lokacin da ta ɗaga gudumar Mjolnir, takan rikiɗe ta zama Thor, kuma rikiɗar kan wanke mata gubar maganin sankarar daga jini, ta bar cutar, domin cutar tsokar jikinta ce. Jarumtarta ke kashe ta. Dauterman ya zana ta a rame, kai babu gashi, bai yi wa ciwon kwalliya ba.

Inda kundin ya gaza: makircin Malekith, mugun labarin, ya cinye shafuka, dangantakar Jane da Odinson, Thor na asali, ta samu wuri kaɗan. A fara karanta "Thor" na 2014, fitowa 8, kafin wannan.